Darasi na 7: Yadda ake cewa mai tsirfa da Ingilishi

To iyayena da ƙannena, a buɗe kaye a ɗauki bik. Yau kalma huɗu ce kawai, kuma halin da suke nufi duk Tawa ba wanda bai san shi ba, tsirfa ne da iyayi.

Ta farko fussy. Harafi biyar, f, u, s, s, y. S ɗin biyu ne, ku ƙirga da yatsa. Ana faɗinta FASI, ba fusi ba. Na san abin da ke jawo haka, wanda ya ɗan taɓa lakol ya saba da u na Faransanci sai ka ga ya tsuke baki kamar mai hura wuta, to a nan u ɗin a ne irin namu. Ku ce fasa, kamar fasa ƙwai. Yanzu a cire a na ƙarshe a sa i. Fasi. A sake. Fasi. Mu Adarawa masu cewa hura a maimakon fura sai mun ƙara kula, a ɗora haƙoran sama bisa leɓen ƙasa sannan a saki iska. Fasi. Inna kar ki ji kunya, ba wanda aka haifa da shi.

Ma'ana: Hajiyar da ta kai ɗinki wurin tela ta maido shi sau uku, yau hannu ya yi tsawo, gobe zaren bai dace da atamfar ba, jibi wuyan ne, ita ce fussy. She is fussy. In za a faɗi abin da take wa tsirfar sai a sa about, she is fussy about food, wato tana da tsirfa wajen abinci. Ba yabo ba ne fa, kar ka faɗa wa mai sayen kayanka a idonsa. Amma ku masu zuwa bida Gana ko Najeriya, in mai masauki ya tambaye ka shinkafa ko doya, ka ce I am not fussy, wato duk wanda aka ba ni.

Mu koma. Yaya ake faɗinta? Fasi. S ne, ba z ba, don fuzzy wata kalma ce daban, abin da ake gani dishi-dishi. Kuma gaskiya sai na faɗa, wasunku kaye ɗin a aljihun babur yake kwana har sati ya zagayo, sannan mutum ya zo yana ce min fusi, haba Alhaji! Minti biyar bayan isha'i ya gagara? A rubuta ta sau 10, kowane rubutu a faɗa da ƙarfi.

Ta biyu picky, ana cewa piki, daga pick take, wato zaɓa. Yaron da ke tsince albasa daga cikin miya yana tarawa a gefen kwano, shi ne picky. A haɗe leɓe biyu wajen p, kar ta koma fiki.

Ta uku prim. Kamun kai ne da ya wuce gona da iri, a zauna a miƙe, ba dariya, wasa kaɗan a ɓata rai. An fi faɗa wa mata. Za ku ji ana cewa prim and proper.

Ta huɗu prissy. Kusan ɗaya da prim, sai dai ta fi ta zafi. Ku gane ta in kun ji, ba sai kun faɗa ba.

Aikin gida: jimla ɗaya da kowace kalma. A zo da kaye ranar Laraba.