Kafin ka rataya fanka a silin ɗin gidan haya

Gidajen haya da yawa a Turai da Amurka ba su da fankar sama. Idan zafin bazara ya matsa, sai sabon zuwa ya ɗaga kai ya ga silin na kankare ne, ko kuma ba a ja waya zuwa tsakiyar ɗaki ba. Maganin da aka saba shi ne kwararon waya, wato siririn bututu mai murfi, na roba ko na ƙarfe, da ake kafawa a saman bango a zura waya ciki ba tare da an fasa gini ba. A Amurka za ka fi jin ana kiransa Wiremold, sunan wanda ya fi shahara a kasuwa.

Ɗan'uwa, fara da mai gida, kuma amincewarsa ta zo a rubuce, domin ranar tashi kuɗin ajiyarka ne zai biya kowane rami. Sannan ka tambayi dokar inda kake. A Ostireliya mai lasisi kaɗai aka yarda ya taɓa wayar gida. Ingila da Wales suna da ƙa'idar aikin wutar gida mai suna Part P tun 2005, a Amurka kuwa kowane gari da nasa tsarin izini. Ni dai shawarata, ko doka ta ba ka dama, ka kafa kwararon da hannunka in kana so, amma haɗa waya ka bar wa mai lasisi.

Launin waya shi ne babban tarkon. Wanda ya saba da tsohon tsarin Ingila ya san ja ce mai wuta, baƙa kuma nutural. A Amurka da Kanada, inda wuta take bolt 120, baƙar ce ke ɗauke da wuta, fara nutural, koriya ko tsurar tagulla ta ƙasa, wato wayar kariya daga jan wuta. Turai mai bolt 230 yanzu ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural, kore da rawaya ta ƙasa. Saboda haka ka kashe bireka tun daga akwatin wutar gida, makunnin bango bai isa ba. Ka gwada testa a soket mai wuta don ka tabbata tana aiki, sannan ka ɗora ta kan kowace waya ɗaya bayan ɗaya.

Kwararo waya kawai yake ɗauka, ba a ɗora masa nauyi. Akwatin da ke riƙe ƙwan fitila ma bai isa ba, don fanka tana da nauyi kuma tana jijjiga dare da rana, a hankali sukurori su saki. Ka nemi akwatin da aka rubuta a jikinsa cewa na fanka ne, a ɗaure shi a katakon da ke riƙe da silin, ko da ƙusoshin kankare masu buɗewa a ciki. Ƙa'idar Amurka ba ta yarda irin wannan akwati ya ɗauki fankar da ta wuce kilo 32 ba. Fuka-fukai kuma su yi aƙalla mita 2.1 daga ƙasa.

Gam ɗin da ke bayan kwararon roba yana saki idan ɗaki ya ɗumama, gara ka ƙara da sukurori. Kada ka cusa masa waya har murfi ya ƙi rufuwa, kada kuma ka ɓoye haɗin waya a cikinsa, wurin haɗi akwati ne. In kwararon na ƙarfe ne, dole ya haɗu da wayar ƙasa. A Amurka bireka mai amfiya 15 tana son waya mai kaurin lamba 14, mai 20 kuma lamba 12. Makunnin rage hasken fitila ba na fanka ba ne, zai sa injin ya riƙa gurnani yana zafi, ka sayi nata na rage gudu.