Yadda za a rage saurin ƙaruwar matsalar ido ta rashin ganin nesa ga yara 'yan makaranta

Ana haihuwar jariri da ƙwayar ido mai tsawon kusan milimita 17 daga gaba zuwa baya, sannan ta riƙa girma har ta kai milimita 23 ko 24. Idan ta zarce wannan awo, hasken da ya shiga idon sai ya tattaru tun kafin ya isa tantanin da ke bayansa, yaro ya riƙa ganin abin nesa dishi-dishi alhali yana ganin na kusa tangaran. Tsawon da ido ya ƙara ba ya komawa baya, saboda haka aikin iyaye shi ne rage masa gudu, musamman tsakanin shekara 7 zuwa 12 da ya fi sauri.

A fara da lura. Yaron da yake ƙanƙance ido idan ya dubi allo, ko yake kwafar rubutu daga littafin maƙwabcinsa, ko yake matsowa dab da talabijin, a gwada shi a gida: a rubuta haruffa a takarda, a tsayar da shi nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta, sannan ya sauya. Idan ya kasa karanta abin da 'yan'uwansa suke karantawa daga wannan wuri, a kai shi wurin likitan ido.

Babban rigakafi shi ne hasken rana, aƙalla sa'a biyu a waje kowace rana. Hasken da ke ƙarƙashin inuwar darbejiya ma ya ninka na cikin aji sau da yawa, kuma masana na ganin shi ne yake sa idon ya sassauta girma. Ƙasar Taiwan ta shigar da minti 120 na zama a waje cikin tsarin makarantunta a 2010, matsalar kuwa ta fara ja da baya bayan ta daɗe tana hauhawa. Abin da yake damuna a garuruwanmu shi ne yaron da yake fita boko da sassafe, ya wuce Islamiyya bayan azahar, ya dawo ga aikin gida, ya ƙare da waya a cikin duhu. Ba sai an rage masa karatu ba, domin ana iya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya yi tilawa ko aikin gidansa a can, makarantu kuma su daina tsare yara a aji lokacin tara.

Wajen karatu, littafi ya yi nisan kusan santimita 30 daga fuska, kuma bayan kowane minti 20 yaro ya ɗaga kai ya dubi nesa na ɗan lokaci.

Idan likita ya rubuta tabarau, a yi shi daidai da lambar da aka auna, a kuma sa yaron ya riƙa sawa kullum. Maganar da ake yi cewa tabarau yana kashe ido ba ta da tushe, kuma rage ƙarfinsa da gangan ba ya taimakawa. A koma awo duk shekara, ko duk wata shida idan lambar tana hawa da sauri, domin idon da ya yi tsawo sosai ya fi fuskantar hawan jinin ido da ɓallewar tantanin baya idan an girma. A irin wannan hali a tambayi likita game da maganin ɗigon ido mai suna atrofin, mai sauƙin ƙarfi, wanda yake rage saurin tsawon ido kuma aka gwada shi a ƙasar Singafo, amma kada a saye shi a kemis ba tare da umarninsa ba.