Idan a-kori-kura ta ƙi hawa tudu

Direban da ya saba da hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega ba ya sanin lafiyar motarsa sai ranar da lodi ya kawo shi ƙasarmu ta Zuru. Can ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, mota ko da ciwo a jikinta za ta yi ta gudu. Nan kuwa tudu ne da dutse, kuma tudu ba ya rufa wa inji asiri. Shekara 17 ke nan ina kanikanci, kuma yawancin Hilux ɗin da ake kawo mini da kukan "ta ƙi hawa", ban kwance musu inji ba suka warke.

Kafin na ɗaga bonet, tambaya nake yi: "Maigida, buhu nawa ka ɗora mata?" An yi Hilux ne don ta ɗauki kimanin tan 1, wato buhun masara 10 mai kilo 100. In ka jibga mata 20, ga fasinja a saman kaya, to motar ba ta da laifi. Sauke rabi ka sake gwadawa.

In lodi daidai ne, sai ka kasa kunne a kan tudun. Ka taka totur, inji ya yi ƙara, allurar juyin inji ta tashi, amma mota ba ta ƙara sauri ba, ga wani ƙauri kamar na ƙonannen takalmi? Kuloci ne ya cinye. Gwajinsa ba wuya: ka samu fili, ka ja birkin hannu, ka sa giya ta 4, ka saki kuloci a hankali. Mai lafiya zai kashe injin nan take. In inji ya ci gaba da aiki, faifan ya ƙare. Kada ka yi ta lallaɓa shi, domin zai cinye abin da ke maƙwabtaka da shi, kuɗin gyara ya ninka.

In kuwa injin ne da kansa yake shaƙewa, yana fizga kamar mai tari, to numfashi ko abinci ya gaza. Da iska nake farawa don ita ce mai arha. Ciro matatar iska ka ɗaga ta saitin rana. In haske bai ratso ba, ta toshe. A hunturun bara wani bawan Allah ya zo daga wajen Mahuta, an riga an ce masa sai an sauke inji. Yarona ya ciro matatar ya buga ta a ƙasa, ƙura ta tashi har ta rufe masa ƙafa, ga ƙaiƙayin dawa cunkushe a lungunanta. Muka sa sabuwa, muka fesa wa na'urar auna iska da ke bayanta maganin wanki. Wannan na'urar tana da siririyar waya a ciki, kada ka taɓa ta da hannu ko tsumma. Mutumin ya hau tudun da ya gagare shi da safe, da giya ta 3.

Sai mai, kuma nan ne nake so ka daɗe. A fili inji kaɗan yake sha, don haka ko matatar mai ta kusa toshewa ba za ka ji komai ba. A tudu ne yake neman mai da yawa, sai ya tarar bututu ba ya kawowa. Masu sayen man bunburutu a jarka sun fi kowa gamuwa da wannan, saboda ruwa da tsatsa da ke kwanciya a gindin jarkar. Ka tsiyayi man a kwalba mai haske ka ajiye minti 10: in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, domin ya fi mai nauyi. A mota mai gas, akwai wurin tara ruwa a ƙasan matatar, da ɗan famfo da za ka murɗa ya zube. A mai fetur, irin injin 2.7 da ya fi yawa a wajenmu, a sa agogon awo a ga ƙarfin famfon mai. Ya kamata matsin ya kusa 3 a ma'aunin da ake kira bar, kuma kada ya faɗi in an taka totur. Ina roƙonka kada ka sayi sabon famfo kafin a yi wannan awon. Na ga mutane da yawa sun yi asarar kuɗinsu a nan. Kuma duk mai aikin fetur ya nisanci sigari da garwashin mai shayi.

Filogi ba ya buƙatar dogon bayani. Ciro su duka huɗun ka jera. Wanda ya yi baƙi ko ya jiƙe, silindarsa ba ta cin wuta. In fitilar inji ta kama, a sa kwamfuta: P0300 na nufin wuta na tsallake, P0171 kuma iska ta rinjayi mai.

Akwai wanda ake yawan mantawa da shi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda muke kira indomi. In ta narke ta toshe, inji yana shaƙa amma ba ya iya fitarwa. Alamarta, mota tana tashi lafiya da safe, in ta ɗau zafi sai ƙarfi ya tafi. Mukan sassauta mahaɗar salansa ta gabanta mu ɗan zagaya. In ƙarfi ya dawo, an kama ɓarawo.

Bayan ka hau tudu, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ya kama, motar tana jan kanta ne. Ka dubi allurar zafi ma. In ta haura, ka bar inji ya huce sarai kafin ka taɓa murfin lagireto.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya nake yarda a yi maganar cikin inji, shi ma da awo. A cire filogi, a auna matsin kowace silinda, a rubuta lambobin huɗu a takarda a gabanka. In ɗaya ta yi ƙasa sosai da 'yan'uwanta, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a sake aunawa: lamba ta tashi, zobban fistin ne, ta tsaya inda take, a duba bawul da gasket.