Kafin ku sa wa layinku waƙar jiran kira

'Yan uwa na Damagaram, waƙar nan ba kai kake jin ta ba, mai kiranka ne yake ji. Don haka in ka sa, ari salular wani ka kira lambarka, ka saurara da kunnenka. Ɗan kasuwar Dole da dattawa ke kira kan cinikin hatsi, waƙar soyayya ba ta dace da layinsa ba. Karatun Alƙur'ani kuwa ina ganin a bar shi, don kana ɗaga kira ayar za ta yanke a tsakiya.

Sai batun kuɗi. Galibi rajistar tana sabunta kanta, a ciri kuɗi ba ka sani ba. Ajiye saƙon da kamfani ya turo maka ranar rajista, yawanci hanyar sokewa tana ciki.