Turancin makon farko a Ingila: gaisuwa da 'yan ƙa'idojin da za su fisshe ka

Wanda ya sauka Landan ko Manchester ko Birmingham da Turancin makaranta yakan tarar da cewa na bakin titi daban ne, kuma a wajen gaisuwa aka fi yin tuntuɓe. A gida mukan tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki kafin a shiga maganar da ta kawo mu. Bature yana gama tasa gaisuwar cikin daƙiƙa biyar, sau da yawa ma bai tsaya ba. Kada ka ɗauka wulaƙanci ne, haka suke yi wa junansu.

Abin da za ka fi ji shi ne "Hi", "Hello", "Morning", da kuma "You alright?" ko "Alright?" kawai. Wannan ta ƙarshe tana rikita sababbin zuwa, har mutum ya fara duba jikinsa ko an ga alamar ciwo ne. Daidai take da "ya dai?" tamu. Ka ce "Good, thanks. You?" ka wuce. Haka ma "How are you?": ba a son jin labarin ciwon bayanka sai in likita ne ya tambaya. "Good morning" tana aiki har ƙarfe 12 na rana, "Good afternoon" har wajen 5 ko 6 na yamma, daga nan sai "Good evening". Ita kuwa "Good night" sallama ce, "sai da safe" ke nan, ba a shiga wuri da ita. A kula da wannan a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4: duhu ya yi, amma "Good afternoon" ce har yanzu.

Akwai gaisuwar gida da ba ta juyuwa zuwa Turanci, ko da kuwa an saba jin ta a Kano ko Kaduna. "How was your night?" da muke nufin "ina kwana" da ita, a kunnen ɗan Ingila tambaya ce kan abin da ya yi cikin dare, kuma in mace ka yi wa a wurin aiki abin zai iya zama magana. A bar ta kwata-kwata. "Well done" a madadin "sannu da aiki" yabo ne da babba ke yi wa wanda ya gama abu da kyau. In ka faɗa wa shugabanka yana tsakiyar aiki, zai ji kamar kana ba shi maki. "Sorry" da muke cewa in mutum ya yi tuntuɓe, wato "sannu", su ban-haƙuri suke ji, shi ya sa za a amsa maka da "It's not your fault". Abin da ake faɗa a nan shi ne "Are you okay?" In rasuwa aka yi, "I'm sorry for your loss". Sai "I'm coming" da mutum ke faɗa yana fita, fassarar "ina zuwa": ka ce "I'll be back in a minute".

Batun kiran suna yana yi wa Bahaushe nauyi, don ba mu saba kiran babba da sunansa gatsau ba. A wurin aiki, da ma yawancin jami'o'i, sunan farko ake kira, har da na shugaba. In za ka sa "Mr" ko "Mrs" ko "Dr", sunan iyali ke biye da shi, ban da sunan farko. "Ma" da "Mummy" da "Daddy" ga wanda ba naka ba, a bar su a cikin 'yan gida. Mai kanti zai iya ce maka "mate" ko "love", wani lokaci ma tsohuwa ce za ta ce wa saurayi "love". Ba soyayya a ciki, al'adar baki ce. Wadda ba ta musabaha da maza, ko wanda ba ya yi da mata, ya ɗora hannu a ƙirji da murmushi ya ce "I don't shake hands, but it's nice to meet you". Faɗin dalilin a taƙaice ya fi barin hannun mutum a miƙe.

A Hausa "ba ni burodi biyu" ba rashin kunya ba ce. "Give me two" kuwa umarni ne mai kaushi. Gina roƙonka a kan ɗayan waɗannan: "Can I have…, please?" in abu kake so, "Could you…, please?" in aiki kake so a yi maka, "I'd like to…" in ka je ofis ko asibiti da buƙata, kamar "I'd like to register with a GP", wato yin rajista da likitan unguwa. "Please" da "thank you" ba sa yawa, ko sau uku ka faɗa a ciniki ɗaya. A garuruwa da dama har direban bas ake yi wa godiya wajen sauka, kuma "Cheers" da za ka ji ana cewa "na gode" ce.

Jimlar da ta fi kowace amfani ita ce "Sorry, could you say that again more slowly, please?" Kunya kan sa mutum ya gyaɗa kai ya ce "yes" alhali bai gane ba, kuma ta nan ake amincewa da aikin dare da ba a shirya ba, ko sharaɗin haya da ba a fahimta ba.

Nahawun bai kai yadda ake tsoronsa ba, don jerin jimla iri ɗaya ne da namu: mai aiki, aiki, abin da aka yi wa. Bambancin shi ne inda ake nuna lokaci. Mu a jikin wakilin suna muke nunawa, aikatau, wato kalmar aikin, galibi ba ya motsi: na biya, ina biya, zan biya. Turanci aikatau yake sauyawa: "I paid", "I am paying", "I will pay". Galibi "-ed" ake ƙarawa don abin da ya wuce, amma kalmomin da aka fi amfani da su sun ƙi bin ƙa'idar: go ya zama went, buy ya zama bought, see ya zama saw, take ya zama took. Haddace guda 20 irin waɗannan, biyar a rana, sun ishe ka fara magana. In "did" ko "didn't" ta shigo, ita ta ɗauki lokacin, aikatau ya koma asalinsa: "I didn't go", ba "I didn't went" ba. Tambaya ma tana buƙatar "do": mu murya kawai muke ɗagawa, su sai sun ce "Where do you live?"

Wasu kurakuran daga Hausar kanta suke fitowa. "Ina da mota" ba "I am having a car" ba ce, "I have a car" ce. Amma shekaru ba a "da" su a Turanci: "I am thirty". 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram su fi kula da wannan, don Faransanci ma "da" yake cewa. "Ji" ɗinmu guda ɗaya ya kasu gida uku ko huɗu: hear na kunne, smell na hanci, feel na jiki, understand na fahimta. "Sha" ma haka, kuma wannan yana da muhimmanci a gaban likita: magani "take" ake yi, taba "smoke", ruwa ne kaɗai da danginsa ake "drink". Mota da ƙofa da waya duk "it" ne, ba "she" ba. Game da "a" da "the", ka tuna da "wata mota" da "motar": ta farko "a car", ta biyu "the car".

Tambayar korewa ita ce tarkon da ya fi jawo asara. In aka ce maka "ba ka biya ba?" kakan ce "e", ma'ana ban biya ba. In aka ce "Haven't you paid?" ka amsa "yes", an ji ka ce ka biya. Kada ka tsaya a kalma ɗaya, cika jimlar: "No, I haven't" ko "Yes, I have".

Wajen furuci, p da f ne matsalarmu, don Hausa ba ta raba su. Ga f, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa iska na fita. Ga p, leɓɓa biyu su rufe sannan su buɗe. Riƙe takarda gaban bakinka ka maimaita copy da coffee, pull da full: takardar za ta yi tsalle a kan p. Haka v da b. Sai lambobi: thirteen ana danna ƙarshenta, thirty ana danna farkonta, kuma in kuɗi ne ko lokacin ganin likita, tambaya "one three or three zero?" ba abin kunya ba ne. "Half five" ƙarfe 5:30 ne. Kwanan wata a Ingila rana ce kafin wata, a Amurka wata ne kafin rana, don haka 03/04 a Landan 3 ga Afrilu ne.

Koyi faɗin harufan sunanka da na lambar unguwarka, wadda suke kira postcode, ɗaya bayan ɗaya, don kusan duk kiran waya da su ake farawa. A, E da I, da kuma G da J, su ne ake yawan musanyawa.

Ajin Turanci na baƙi ana kiransa ESOL, ana yinsa a kwalejojin gari, daga Entry 1 zuwa Entry 3, sannan Level 1 da Level 2. Za a gwada ka kafin a sa ka aji, kuma biyan kuɗi ko rashinsa ya danganta da irin bizarka da abin da kake samu, don haka tafi da takardunka. Kafin bakin ya faɗa, asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, suna samar da tafinta kyauta in ka nema tun wajen karɓar lokaci: "I need a Hausa interpreter, please". In abin gaggawa ne, buga 999, ka ce "Ambulance" ko "Police" ko "Fire", sannan ka faɗi adireshin da kake, a hankali.