Yadda Ake Kiwon Tsutsar Dusa a Gida

Tun da buhun abincin kaji ya fi ƙarfin aljihu nake kiwon tsutsar dusa a ɗakin tarkacen gidanmu a unguwar Dorayi da ke Kano. Ita ce tsutsar nan mai ruwan ɗorawa wadda idan ta riƙa take zama baƙin ƙwaro. Busasshiyarta kusan rabi furotin ce, har ma a 2021 Tarayyar Turai ta amince mutane su ci. Ni dai kaji da salwa nake ba wa.

Ka nemi robobi uku masu faɗi da santsin ciki, don ba sa iya hawa santsi. Ka rufe bakin da raga saboda iska. Zuba dusar alkama kaurin yatsu huɗu, ita ce abincinsu, ita ce shimfiɗarsu. Ka kifa kwalin kiret ɗin ƙwai a kai, duhu suke so. Iri kuwa wajen mai kiwo ake samowa, ba a juji ba.

Kada ka kuskura ka ajiye musu ruwa. Daga yankan karas ko dankalin Turawa suke samun lema, ragowar da ake samu da arha a kasuwar Yankaba ma ta wadatar. Wanda ya kwana biyu ka tsince shi. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, yanka ɗaya da aka manta sai ya sa dusa ta yi fumfuna ta dunƙule.

Roba ukun fa? Tsutsa takan yi kamar wata biyu zuwa uku tana ci tana saɓa. Daga nan sai ka ga ta lanƙwashe, ta yi fari, ta daina ci, sai ka taɓa ta take ɗan wutsil-wutsil. To a nan ake asara, domin 'yan uwanta da ƙwarin kan cinye ta. Ka ɗebe ta da cokali zuwa roba ta biyu. Bayan mako ɗaya zuwa uku ƙwaro zai fito, fari-fari da farko, ya koma ja, sannan baƙi. Shi kuma roba ta uku. Macen tana zuba ɗaruruwan ƙwai cikin dusa, ƙanana ne ainun, da ƙyar ido ke ganinsu. Duk mako biyu ka mayar da ƙwarin sabuwar dusa, ka bar tsohuwar ta ƙyanƙyashe.

Babbar matsalarmu a Kano zafi ne. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 25 zuwa 28, mu kuwa a Afrilu har 40 muke wucewa. Ɗakin kwano marar silin kashe su zai yi. Ka sauke robobin ƙasa-ƙasa a ɗakin da rana ba ta duka, ka rage cunkoso, don idan sun yi yawa su ma zafi suke fitarwa, ka ƙara karas. Hunturu kuwa jinkiri kawai yake sa su. Shi ya sa na fi son mutum ya fara a Oktoba, kafin bazara irinsa ya yi yawa.

Sai kiyashi. Ka ɗora robobin kan benci, ka sa ƙafafunsa cikin gwangwanaye da ruwa.

In za ka ɗiba, ka tankaɗe da rariya. Garin da ya zubo kashinsu ne, taki ne mai kyau ga shukar zogale. Ka riƙa barin wasu manya su zama ƙwaro, kuma ka ba kaji a matsayin ƙari kan abincinsu, kamar cikin tafi da yamma.