Yadda ake ciro fayil daga sinafshot ɗin VM ba tare da an ƙara ɓata lamarin ba

Ka goge wani fayil bisa kuskure a cikin VM (wato kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira tana aiki a cikin kwamfutarka ta gaske), ko ma VM ɗin ce gaba ɗaya ta ƙi tashi, sai ka tuna ai ka ɗauki sinafshot makon jiya, wato ka adana yanayin da VM ɗin take ciki a ranar, hankalinka ya ɗan kwanta. To tsaya tukuna, don Allah kar ka taɓa Revert, maɓallin da ke mayar da VM yanayin sinafshot ɗin. Kana danna shi duk abin da aka rubuta daga ranar sinafshot ɗin zuwa yau ya tafi kenan, garin neman gira ka rasa ido.

Abin da yake rikita mutane shi ne suna ɗauka sinafshot cikakken kwafin diski ne da aka ajiye gefe, alhali ba haka yake ba. Lokacin da ka ɗauke shi, manhajar da ke tafiyar da VM ɗin (irin su VMware da Hyper-V da VirtualBox) daina rubutu take a kan asalin diskin ta bar shi yadda yake, sai ta buɗe wani sabon fayil ɗan ƙarami, duk canjin da aka yi daga nan a cikinsa yake sauka. Asalin shi ne uwa, sabon kuma ɗa, in ka sake ɗaukar wani an samu jika, haka sarƙar take tafiya. A VMware za ka ga ɗan da suna irin su uwar-000001.vmdk, a Hyper-V yana ƙarewa da .avhdx, VirtualBox kuma tana zuba su a foldar Snapshots da wani dogon suna na lambobi da haruffa. Abin lura a nan, fayil ɗinka da ka goge jiya, in dai yana nan tun kafin sinafshot ɗin, ba a cikin ɗan yake ba, yana wajen uwar, tunda ita aka daskarar tun kafin ka goge shi. Ɗan ba abin da ya sani sai abin da ya faru bayan nan.

Don haka aikin farko, kashe VM ɗin ka kwafe foldarta duka zuwa wani wuri, har da ƙananan fayilolin da kake ganin ba su da amfani irin .vmx da .vmsd da .vbox. Eh zai ci wuri kuma zai ɗau lokaci, a haƙura. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan kwafin ake yi.

In sarƙar lafiyarta lau, abin ba wuya. A VirtualBox ka zaɓi sinafshot ɗin ka yi Clone daga kansa, sabuwar VM za ta fito a yanayin wancan ranar, ka cire mata netwok kafin ka kunna don kar ta yi karo da ta asali, ka ɗauki fayil ɗinka ka goge sabuwar VM ɗin, shi kenan. A Hyper-V akwai Export a kan kowane checkpoint (sunan sinafshot kenan a can), aiki iri ɗaya yake yi. A ESXi kuma, wato VMware ta saba, umarnin vmkfstools -i ake amfani da shi, ka nuna masa mahaɗin da kake so a sarƙar sai ya haɗe shi da iyayensa ya fitar maka da diski guda cikakke. Masu KVM (manhajar VM ta Linux) da diski nau'in qcow2, wanda shi yana iya ajiye sinafshot a cikin fayil ɗin kansa, qemu-img snapshot -l zai jero sinafshot na cikin fayil ɗin, qemu-img convert da -l zai ciro wanda ka zaɓa, in kuma na waje ne qemu-img info --backing-chain zai nuna maka wa ya haifi wa.

Ni dai na fi son kar ma a kunna komai. Ka ɗauki diskin uwar ka buɗe shi a karatu kawai, a Linux guestmount da --ro yana buɗe vmdk da vdi da qcow2 duka, a Windows kuma Mount-VHD da -ReadOnly. Wallahi kar ka danna .vhdx sau biyu kamar fayil ɗin Word, Windows zai maƙala shi da izinin rubutu nan take, kuma in uwa ce ka buɗe haka to ɗanta ya daina gane ta. In ext4 ce (tsarin fayiloli na Linux) ta ƙi buɗuwa tana ƙorafin journal, sa mata ro,noload.

Inda ake zufa shi ne in sarƙar ta riga ta tsinke. Na taɓa gani da idona, wani ya ga diski ya cika, ya cire ɗan daga saitin ya maƙala uwar kai tsaye ya kunna, sai ga VM ta tashi da bayanan wata huɗu da suka wuce, da ya firgita ya mayar da ɗan sai VMware ta ce "The parent virtual disk has been modified since the child was created". Dalilin kuwa, kowane vmdk yana da ɗan bayani na rubutu da ke ɗauke da layuka uku masu muhimmanci, CID da parentCID da parentFileNameHint (wannan na ƙarshe a ɗa kawai yake, shi ke nuna sunan fayil ɗin uwarsa). CID lamba ce mai gurbi 8, kamar shaidar diskin ce, kuma tana canzawa in aka buɗe shi aka yi rubutu. parentCID na ɗa dole ya zama daidai da CID na uwarsa. Ita uwa ta can tushe parentCID ɗinta ffffffff ne, wato ba ta da kowa a sama. Gyaran shi ne ka buɗe bayanin ɗan, ka kwafo CID ɗin uwar na yanzu ka sa a parentCID, sannan ka gwada da vmkfstools -e ka ga ko zai ce sarƙar ta daidaita. Kuma kar ka yarda da lambar sunan, 000003 na iya zama uwar 000002, parentFileNameHint ne mai gaskiya, shi za ka bi ɗaya bayan ɗaya, ni har a takarda nake zanawa.

Wani tarkon kuma, a VMware Workstation in diskin fayil ɗaya ne dunƙulalle, bayanin nan a cikin cikinsa yake haɗe da data, in ka buɗe shi da Notepad ka danna Save to ka lalata shi. Wanda yake ɗan ƙaramin fayil na rubutu zalla shi kaɗai ake gyarawa da hannu. A Hyper-V Get-VHD zai nuna ParentPath, Set-VHD da -IgnoreIdMismatch zai sake ɗaura su, VirtualBox kuma showmediuminfo ne ke nuna UUID, wato lambar shaida, na diski da na uwarsa.

Amma fa wannan ɗinki ne kawai, ba ya goge rubutun da aka yi wa uwar lokacin da aka kunna ta. In na ƴan daƙiƙu ne sau da yawa ana tsira, in ta yini tana aiki to ka sa ran wasu fayilolin za su fito a lalace. Shi ya sa bayan gyaran ba na mayar da VM ɗin bakin aiki, buɗewa nake in kwashe abin da nake so in zuba a sabuwa. In akwai BitLocker, wato kullen diski na Windows, ka nemo makullinsa mai lamba 48 tun kafin ka fara.

In kuwa uwar ce ta ɓata gaba ɗaya sai ɗa kawai ya rage, gaskiya labarin ba daɗi, gutsattsarin canje-canje ne a hannunka. PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da suka ɓata, zai iya tsinto wasu hotuna da dokumen da aka rubuta bayan sinafshot ɗin, ba suna ba folda, sai ka zauna ka tantance. Haka in an riga an danna Delete a kan sinafshot, manhajar ta narkar da ɗan cikin uwar, tsohon yanayin an rubuta a kansa, sai dai a bi da TestDisk ko PhotoRec kamar kowane diski da aka yi gogewa a kai.

Da ka gama kwashe kayanka ka tabbatar suna buɗewa, ka haɗe tsofaffin sinafshot ɗin da suka taru, amma ka duba akwai isasshen wuri a ma'ajiyar kafin ka fara, don in wuri ya ƙare ana tsakiyar haɗewa wata sabuwar matsalar ce. VMware tana yarda da 32 a sarƙa ɗaya, amma ita da kanta cewa take kar a wuce 2 ko 3, kuma kar a bar ɗaya ya haura awa 72.